Yadda Magani Ya Rabu da Sharaɗinsa a Kasuwannin Ƙasar Kano

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Darki ranar da take ci, ko ta Wudil ranar Juma'a, ya san cewa bayan layin hatsi da karar dabbobi akwai wata haja da ba ta rasa mai saye, wato magani. Ga mai faranti a ka, katunan ƙwayoyi jere kamar alewa, rana tana dukansu tun hantsi. Ga mai tabarma da sassaƙe da saiwoyi da ƙulle-ƙullen gari. Ga mai mota da lasifika yana jero cututtuka goma sha da kwalba ɗaya za ta kora. Can bakin titi kuma ga kemis, inda manomi zai tsaya ya ce a haɗa masa na gajiya, yaron shago ya sa reza ya yanko biyu daga wannan kati, ɗaya daga wancan, ya zuba a 'yar leda ya ƙulle. Babu kwali, babu takardar bayanin da ke cikin kwali, babu sunan magani, balle ranar da zai lalace. Mun saba da wannan har muna ganin kamar haka aka gada kaka da kakanni. Ni kuwa ina ganin tarihi bai nuna haka ba. A da, magani a ƙasar Hausa tare yake tafiya da sharaɗinsa, kuma a cikin shekaru ɗari da suka wuce ne biyun suka rabu a hankali. Rabuwar ta daɗe tana yi mana ɓarna, amma sai yanzu ta zama abin tsoro ƙwarai, domin an shigo da wani rukunin magunguna, masu danne ƙwayar bairas irin ta ƙanjamau da ta ciwon hanta, waɗanda in aka cire musu sharaɗi suna iya juyewa su cuci mai shansu.

Kafin asibitin Bature, sana'ar magani a ƙasar Kano rarrabe take, kowa da fagensa. Wanzami na da ƙaho da kaciya da cire belu, kuma yana ƙarƙashin Sarkin Aska. Maɗori na da karaya da targaɗe. Ungozoma na da mai ciki da mai jego. Malami na da rubutu da addu'a, boka da 'yar mai ganye na da itatuwa. Abin da ya haɗa yawancinsu shi ne zama a gari ɗaya da majinyaci. An san gidansu, an san iyayen da suka gada, kuma in magani ya yi ɓarna an san ƙofar da za a buga. Saboda haka ba sa miƙa jiƙo hannu sake. Za a ce maka ka sha safe da yamma kwana bakwai, ka bar mai da kitse tunda shawara ce, ka dawo ranar kaza. Maɗori zai ɗaure karan ɗori ya ce kada wanda ya kwance sai shi. Wankan jego kansa kwana arba'in ne ƙidayayyu, da abin da mai jego za ta ci da wanda za ta bari. Malamai ma ba su bar fagen ba: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubuce-rubuce a kan magunguna, har da na basir, kuma a fikihun da alƙalanmu suka yi hukunci da shi, wanda ya shiga yi wa mutane magani ba tare da an san shi da ilimin abin ba, lamunin ɓarnar da ya yi yana wuyansa. A gefe guda kuma akwai magori, mai yawo kasuwa-kasuwa da jakar magani, wanda yau yana nan gobe ya yi gaba. Karin maganar da ta ce magori wasa kanka da kanka ta isa shaida cewa Bahaushe ya bambanta mai maganin da ke zaune da wanda bakinsa ne kawai jarinsa.

Wani zai ce ina yi wa da ado, kuma yana da hujja. Askar wanzami ɗaya ta yi wa yara da yawa shayi a safiya ɗaya, kuma yau mun san cewa jini a jikin aska yana cikin hanyoyin da ciwon hanta ke bi. Wasu sharuɗɗan ba su da tushe, wasu ma sun cutar, kamar yawan kunun kanwa da kwanciya a gado mai wuta da likitocin Zariya suka danganta da ciwon zuciyar masu jego. Ban ce maganin da ya fi na yanzu warkarwa ba, nesa ba kusa ba. Abin da nake nunawa ya fi haka ƙanƙanta: majinyacin wancan zamani ya san cewa karɓar magani alkawari ne tsakaninsa da mai ba da shi, akwai abin da zai yi, akwai abin da zai bari, akwai ranar komawa. Wannan tarbiyya ita ce muka yar, muka riƙe ɗabi'ar magori.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Sabon Gari ta kafu jim kaɗan bayan haka, kantunan Turawa da na Kwara suka fara kawo magungunan kwalba da na gwangwani tare da atamfa da kananzir. A shekarun 1920 aka buɗe asibitin birni, wanda yau ake kira Asibitin Murtala, sannan En'e ta riƙa gina disfensare a manyan garuruwan gundumomi. A can ma magani da sharaɗi yake fitowa: ka yanki kati, malamin asibiti ya duba ka, a miƙo maka ta taga a ce cokali ɗaya sau uku. Matsalar ita ce disfensaren ba su taɓa isar jama'a ba. Dokar guba da harhaɗa magunguna ta 1936 ta buɗe ƙofa ga wanda bai karanta ilimin magani ba ya sami lasisin sayar da ƙananan magunguna na yau da kullum a cikin kwalinsu na asali, kuma daga wannan ƙofa kemis ɗin unguwa ya fito. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai ga fenisilin, allurar da ke busar da gyambo da ciwon sanyi cikin 'yan kwanaki, sai masu allura suka bazu ƙauyuka a kan kekuna. Nan ne mutanenmu suka koyi darasi biyu da har yau ba su manta ba: cewa maganin Bature mai kyau shi ne wanda ake jin aikinsa nan take, kuma da an ji sauƙi an gama da shi. Asfirin da kulorokwin sun tabbatar musu da haka shekara da shekaru, tunda ciwon kai yana tafiya, zazzaɓi yana sauka, ragowar ƙwayoyin a ajiye su a saman kwabet don wani ya kwanta.

Shekarun 1980 ne suka ƙarasa raba auren magani da sharaɗinsa. Kuɗin mai ya ja baya, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, asibitocin gwamnati suka koma wurin rubuta takarda kawai, a ce maka babu, je ka saya a waje. Wajen nan kuwa a lokacin ita ce kasuwar Sabon Gari, wadda ta zama rumbun da kemis-kemis na Wudil da Gaya da Takai da Sumaila, har da na Damagaram da Maraɗi, ke sarowa. Inda buƙata ta yi yawa kuma sa ido ya yi ƙaranci, jabu ba ya rasa hanya. Gwamnatin soja ta yi dokar hana jabun magunguna a 1988, amma a 1990 yara 109 suka mutu a Jos da Ibadan bayan shan farasitamol na ruwa da aka haɗa da sinadari mai guba. Wannan na cikin abin da ya haifar da hukumar NAFDAC a 1993. Dora Akunyili ta karɓi hukumar a 2001, ta ƙona jabu na biliyoyin naira, aka harbe motarta a Disambar 2003 ta tsira, ta rufe kasuwar magani ta Onitsha a 2007, amma duk da haka a 2008 maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya kashe yara 84. Kada kuma a ɗora laifin duka a kan 'yan kasuwa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan a Asibitin Zana da ke Kano a kan yara 200, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wani daban, 11 suka rasu. Iyaye sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, kamfanin ya musanta laifi, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75 a 2009. Zafin wannan al'amari na cikin abin da ya rura wutar ƙin rigakafin shan inna daga 2003 zuwa 2004. Talakan Kano ya ga cewa masu farar riga ma suna iya ba shi magani ba tare da bayani ba, to me zai sa ya nemi bayani wurin yaron kemis?

A cikin wannan yanayi ne magungunan bairas suka iso. Najeriya ta ba da rahoton ƙanjamau na farko a 1986. Maganin farko, AZT, ya samu amincewa a Amurka a 1987, haɗin magunguna uku da ya sauya lamarin ya zo a 1996, amma kuɗinsa ya haura dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya. Sai a 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai sayar da haɗin a kan dala 350 a shekara, a 2002 gwamnatin tarayya ta fara shirin bai wa manya 10,000 magani a cibiyoyi 25, majinyaci yana biyan naira 1,000 a wata, sannan daga 2006 aka mai da shi kyauta. Bambancin wannan magani da duk abin da kasuwa ta koya mana babba ne. Ba ya kashe ƙwayar cutar ya fitar da ita daga jiki. Danne ta yake yi ya hana ta hayayyafa, kuma dannewar tana nan ne muddin maganin yana cikin jini da yawan da ya kamata. In mutum ya riƙa sha yau ya tsallake gobe, ƙwayar takan sami sarari ta hayayyafa a gaban ɗan ragowar maganin, waɗanda suka jure su ne za su yaɗu, har a wayi gari maganin bai ƙara yi masa aiki ba, kuma in ya harbi matarsa da irin wannan ƙwaya mai taurin kai, ita ma maganin ba zai yi mata ba. Ƙasar ta ɗanɗana haka da wuri, domin a 2004 maganin shirin gwamnati ya yanke, mutane suka yi watanni babu. Magungunan farko kuma suna da nasu haɗari. Nebirafin kan tayar da ƙuraje masu saɓule fata ko ya taɓa hanta, shi ya sa ake fara shi da rabin adadi na mako biyu a ga yadda jiki zai karɓa. Istabudin kan kashe jijiyoyin ƙafa ya zuƙe kumatu har a gane mai shansa daga nesa, kuma a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina amfani da shi a hankali.

Abin da ya faru a ɗakunan shan maganin ƙanjamau shi ne babbar hujjata. Da yake maganin ba ya yafe sakaci, dole ma'aikatan lafiya suka dawo da abin da sana'ar ta yar. Ba a miƙa wa mutum kwalba sai an zauna da shi an yi masa bayani, an tambaye shi wanda zai riƙa tuna masa a gida, an ba shi kati da ranar dawowa, an ɗebi jininsa lokaci-lokaci, in bai zo ba a bi sawunsa. Mutanen da ake cewa ba sa iya cinye maganin zazzaɓi na kwana uku, su ne suka shekara goma sha suna haɗiye ƙwaya a kan lokaci. Har azumi an duba: likitocin Asibitin Malam Aminu Kano, ƙarƙashin Abdulrazaq Habib, sun wallafa bincike a 2009 da ya nuna cewa masu azumin Ramadan sun gyara lokutan shan maganinsu zuwa sahur da buɗa-baki ba tare da sun yi watsi da shi ba. Ashe ba jahilci ne ya hana Bahaushe kiyaye sharaɗi ba, gaya masa ne aka daina yi.

Yau yawancin masu ƙanjamau ƙwaya ɗaya suke sha a rana, wadda ake kira TLD, haɗin tenofobir da lamibudin da dolutegrabir. Ta fi na da sauƙi nesa, amma sharuɗɗanta suna nan, kuma kusan kowannensu yana karo da wani abu da ke kan farantin mai talla. Farin maganin ruwa na gyambon ciki da ƙwannafi yana kama dolutegrabir a hanji ya hana shi shiga jini, don haka sai an sha TLD awa biyu kafinsa ko awa shida bayansa. Maganin ƙarin jini da na ƙarin ƙarfin ƙashi da ake bai wa masu ciki su ma haka suke, sai dai in an sha su tare da abinci. Mai tarin fuka da ke shan rifamfisin yana buƙatar ƙarin dolutegrabir, in ba haka ba maganin tarin zai sa hanta ta ƙone shi da wuri. Mai ciwon suga da ke shan metfomin sai an duba adadin da yake sha. Tenofobir kuma ta ƙoda yake fita, kuma yana iya gajiyar da ita, shi ya sa ake auna ƙoda. To a tuna da ledar nan ta maganin gajiya da aka ƙulla wa manomi: sau da yawa dikulofenak ko ibufurofen ne a ciki, waɗanda su ma ƙodar suke ci, ga zafin bazara da ƙarancin shan ruwa a gona. Yaron kemis bai san mutumin yana shan tenofobir ba, domin kunya da tsoron tsangwama ba za su bar shi ya faɗa ba. Likita kuma bai san da ledar ba, domin babu suna a jikinta.

Inda na fi jin tsoro shi ne ciwon hanta nau'in B. Babban binciken da aka yi a faɗin ƙasa a 2018 ya sami ƙanjamau a jikin kusan kashi 1.4 cikin ɗari na manya, amma ya sami wannan ciwon hanta a jikin kashi 8.1. Yawancinsu tun suna ƙanana suka ɗauka, kafin allurar rigakafinsa ta shiga jerin na jarirai a 2004, kuma ba sa jin komai. A watan Mayun 2024 gwamnan Kano ya sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na ciwon hanta. Ma'anar haka ita ce samari da 'yan mata masu yawa a Darki da kewaye za su riƙa fitowa daga ɗakin gwaji da takardar da ta gigita su, ana saura 'yan makonni ɗaurin aure, kuma babu wani shiri na kyauta mai kati da mai ba da shawara da ke jiransu kamar yadda ke jiran mai ƙanjamau. Wanda ke jiransu shi ne mai lasifika da ke rantsuwa zai wanke hanta cikin wata ɗaya, da kemis ɗin da zai sayar musu da tenofobir kwalba guda. Alhali ba duk mai ɗauke da ƙwayar ne ke buƙatar magani ba, sai an auna lafiyar hantar, in da hali a auna yawan ƙwayar. Wanda zai fara kuma dole a yi masa gwajin ƙanjamau tukuna, domin in yana da ita bai sani ba, tenofobir shi kaɗai zai koya wa ƙwayar ƙanjamau jure magani. Mafi muni, wanda ya fara ya sha wata uku, kuɗi suka ƙare ko ya ji garau ya ajiye, ciwon yana iya tasowa da ƙarfin da ya fi na da, idanu su yi rawaya, hanta ta kasa. A nan ɗabi'ar a sha a ji sauƙi a bari tana iya kashe mutumin da ko bai taɓa shan maganin ba da yana nan da ransa.

Na san amsar da za a ba ni, kuma ba ta wasa ba ce. Za a ce likita yana Wudil ko Kano, kuɗin mota da na gwaji sun fi ƙarfin mai noman damina, kemis kuwa yana bakin ƙofa, yana ba da bashi, yana buɗe har dare. Gaskiya ne, kuma duk wanda ke son a rufe kemis-kemis na karkara bai san karkara ba. Sai dai wannan hujja tana aiki ne ga farasitamol da gishirin zawo da maganin zazzaɓin cizon sauro, irin abin da lasisinsu ya ba su dama. Ba ta aiki ga maganin da saye ɗaya ba ya wadatarwa, wanda fara shi babu halin ɗorewa ya fi barinsa haɗari. Talauci ma dalili ne na ƙara taka-tsantsan, tunda talaka ne zai fi saurin yankewa, kuma shi ne ba shi da kuɗin wankin ƙoda. Wasu kuma za su ce ai gwamnati ta riga ta gyara, tunda a Fabrairun 2024 NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna sun rufe shaguna sama da dubu a Kano, aka tilasta wa dillalan Sabon Gari komawa sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro a kan titin Zariya. Wannan mataki ne mai kyau, ya rage wa jabu hanya, ya fitar da kwalaye daga rumfunan kwano masu zafi. Amma ingancin ƙwaya kawai ya taɓa. Tenofobir na gaske da aka sayar babu gwaji babu bayani yana iya yin ɓarnar da jabu bai yi ba. Shi kansa tsarin ƙanjamau da na yaba a kan tallafin waje ya jingina, kuma an ga yadda hankula suka tashi a Janairun 2025 da Amurka ta dakatar da tallafinta na ɗan lokaci.

Masu kemis na Darki da Wudil, ku ne maɗoran wannan zamani, a gari kuke zaune kuma an san gidajenku. In mutum ya zo muku da takardar gwajin hanta, ku tura shi babban asibitin Wudil, kada ku miƙa masa kwalba. Ku riƙa tambaya a asirce, kafin ku ƙulla wa kowa maganin ciwon jiki ko na gyambon ciki, ko akwai maganin da yake sha kullum. Limamai da waliyyai da takardar gwaji ke biyowa ta hannunku, ku gaya wa iyalan cewa ciwon hanta nau'in B yana da rigakafi da za a yi wa wanda bai kamu ba, kuma jaririn da za a haifa ana yi masa tasa allurar cikin awa 24 da haihuwa. Kai kuma da ke shan ɗaya daga cikin waɗannan magunguna, ranar da za ka koma asibiti ka tattara duk abin da kake sha, na kemis da na gargajiya, ka zube a gaban likita, kuma kada ka ajiye maganinka ko na kwana ɗaya sai shi ya ce ka ajiye.